Battar da Ta San Hanya

Shekaru sun share mini abubuwa da dama daga ƙwaƙwalwa, har wani lokaci nakan tsaya tsakar gida ina tunanin abin da ya fito da ni daga ɗaki. Amma labarin wata battar tagulla, da abin da na yi wa aminin mahaifina a kanta, wannan kam ina jin ba zai bar zuciyata ba sai ranar da aka tura mini ƙasa.

Ni mutum ne mai son tara tsofaffin battocin goro da gwangwanayen shayi. Kowa da abin da Allah ya jarabce shi da shi. Wani tattabaru, wani raguna, ni kuwa in na ga tsohon gwangwani mai zane a gidan mutum, hankalina ba ya kwanciya sai na ji labarinsa. A nan Ƙaura Namoda aka haife ni, inda hanyar jirgin ƙasa ta zo ta ƙare, kuma a zamanin da jirgi yake zuwa babu irin kayan da ba ya saukewa. Tun ina saurayi na fara da wani jan gwangwanin shayi da na tsinta a bayan wani kanti. Kafin furfura ta fito mini na cika kabad mai gilashi. Akwai battocin fata na Buzaye masu zane kamar an yi da allura, akwai na tagulla aikin Nufawa, akwai gwangwanayen da alhazan farko suka zo da su tsaraba, masu hoton raƙuma da dabino. Kowanne nakan yanki 'yar takarda in rubuta da ajami inda na samo shi da wanda ya ba ni, in ninke in sa a ciki.

Amma duk cikinsu babu wadda ta kai wadda nake ba ku labari. Tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, tana da nauyi a hannu, an zane murfinta da ganyaye da furanni, hannuwa sun goge zanen har ya yi laushi. In ka buɗe sai ka ga ɗaki uku, biyu manya, ɗaya siriri a gefe. Wani dattijo da ya zauna da mutanen Indiya ya taɓa ce mini aikin ƙasarsu ne, a ciki suke ajiye wani ganye da suke taunawa kamar yadda muke cin goro. Yadda ta keto teku ta iso Zamfara, Allah kaɗai ya sani.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fataucin goro ya gada, don mu asalinmu Kambarin Barebari ne. Yana da wani amini Bafillace da ke zaune a wani ƙauye bayan Dauran, cikin ƙasar Zurmi, mai noma da 'yan shanunsa, yana kuma sayar da ganyen shayi da sukarin da yake samowa ta wajen Nijar. Baffa muke ce masa. Shekara da shekaru rumfunansu suna jere a kasuwar Shinkafi, kowace Alhamis. Kun san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari. Tun daga hantsi har a tashi kasuwa babu abin da suke yi sai tsiya, wannan ya ce wancan bawansa ne, wancan ya ce kakan wannan a igiya aka kawo shi. Baƙo in ya ji sai ya zaci yanzu za a dambace, alhali a akushi ɗaya suke cin tuwo.

Da tsufa ya zaunar da su suka daina zuwa kasuwa, sai battar nan ta riƙa yi musu tafiyar. Baba zai cika ɗaki ɗaya da goro, ya ba direban motar Zurmi. Bayan mako guda ko kwana goma ta dawo, goro ya tafi, ɗaya ɗakin cike da ganyen shayi. A siririn ɗakin kuwa kullum akwai takarda. Nakan ga Baba ya warware ta, ya nisanta ta da idonsa yana karantawa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Duk wannan a gabana aka yi shi. Na gani, amma irin ganin da ido yake yi zuciya tana wani wuri. Ni dai abin da nake kallo shi ne zanen murfin.

Kwana biyu da dawowarta daga Dauran Allah ya yi wa Baba rasuwa. Da aka zo rabon 'yan kayansa na ce ni a bar mini batta, kuma babu wanda ya ja da ni. Na buɗe na tarar da ganyen shayi ko taɓa shi ba a yi ba, da takarda da rubutun Baffa: “Babarbare, goron da ka aiko duk sankara ta ɓata shi. In sana'ar ubanka ta gagare ka, taho in ba ka sanda ka bi mini shanu.” Na yi dariya, na yi hawaye, na mayar da takardar. Sannan na goge battar da tsumma, na buɗe kabad na sa ta a tsakiya, na kulle.

Ranar sadakar uku Baffa ya zo gaisuwa. Ya zauna a kusurwar zaure da carbinsa, ya yi addu'a. Da zai tafi na raka shi ƙofa, sai ya tsaya yana neman takalminsa da ƙafa, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Batta tana wajenku ko?”

Na ce, “Tana nan, Baffa. Na adana ta, ko ƙura ba za ta taɓa ta ba.”

Sai a lokacin ya ɗaga kai ya dube ni. Ya ce, “To, madalla.” Ya sa takalmi ya tafi.

Wallahi a ranar na zaci na faranta masa rai. Shekara bakwai ina zaton haka.

Ranar da idona ya buɗe, ɗiyar Baffa ce ta kawo surukarta asibiti a nan Ƙaura, ta biyo ta gidanmu don a gaisa. Mace ce mai hankali, ta kusa sa'ar ƙanwata, Yaya take ce mini. Mai ɗakina ta shigo da ita inda kabad yake don ta ga abin da take kira haukan Malam, wato nawa. Tana dubawa tana murmushi, sai na ga ta tsaya cak.

Ta ce, “Ashe tana nan. Mu mun ɗauka ɓacewa ta yi.”

Na ce, “Wace?”

Ta nuna da baki. “Wagga ta tsoho.”

Na ce ai ta Baba ce, ni na gaje ta. Ba ta yi mini gardama ba. Ta zauna a bakin tabarma ta gyara lulluɓinta, ta ce, “Yaya, ba aiko ni anka yi ba, in ma ya ji na yi magana sai ya yi hushi da ni. Amma tun da anka yi rasuwar ga, duk ranar da motar Ƙaura ta shigo Dauran sai ya sa an tambayi direba ko akwai saƙo. Kuma yana da wani ƙullin ganyen shayi da ya ajiye, ba mai taɓa shi. In ya tsufa ya ba mu, ya ƙulla sabo.”

Na ce, “To me ya hana shi aikowa a gaya mini?”

Ta ce, “Haba Yaya. Bahillace ya roƙi abu da bakinai? Ai ya tambaye ka sau guda ranar gaisuwa. Har yau in ya tuna sai ya ce ya yi abin kunya.”

Da ni mutumin kirki ne kamar yadda nake zaton kaina, da washegari battar ta kama hanya. Amma zan faɗi gaskiya, don ban ga amfanin mutum ya tsufa yana yi wa kansa kwalliya ba. Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne tsoro. A lokacin hanyar Zurmi ta riga ta lalace, yau a tare mota, gobe a kwashe mutane a shiga daji da su. Na ce wa kaina, in na ba direba aka tare shi fa? In ta isa Baffa ya riƙe fa? In ya rasu tana hannunsa, 'ya'yansa suka sa ta cikin gado fa? Ita ce abin da ya rage mini wanda hannun Baba ya goge. Shaiɗan kuwa, in ya ga ka buɗe masa taga, da hujjoji yake shigowa, kowace sanye da rawani.

Sai na yi dabara. Na zaɓo wata battar Nufawa, wadda a wajen masu sanin kaya ta fi waccan kyau, na wanke ta da lemon tsami da toka har tana ɗaukar ido. Na je wajen 'yan goro na zaɓi manyan goro, marsa farare, na jera a ciki na lulluɓe da ɗanyen ganye. Na ba wani direba da muka saba, na ce ya kai Dauran a miƙa wa Baffa. Na dawo gida ina jin na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Bayan kwana takwas direban ya yi sallama a ƙofar gida. Ya miƙo mini ƙwarya da man shanu a ciki, ya ce tukuici ne. Sannan ya miƙo battar. Tun daga nauyinta na san babu komai a ciki. Na buɗe, wayam, an ma goge ta tas. A ƙasarmu ko maƙwabciya ka aika wa da tuwo, ba ta mayar maka da kwano haka nan, balle Baffa.

Na ce, “Bai ba ka wani saƙo ba?”

Direban ya sosa ƙeya ya ce, “Ya ce a gaishe ka, goro ya yi kyau, ya raba wa mutane. Ya kuma ce in gaya maka, wai wagga ba ta san hanya ba, kar a sake wahal da ita.”

Mai ɗakina tana bayan ƙyaure tana ji. Da na shigo ta bar ni na zauna, ta ajiye mini ruwa, sannan ta ce, “Malam, kai ne fa kake zaunar da mutane a zaure bayan la'asar kana karanta musu babin amana.”

Na ce, “Wace amana? Gadona ce.”

Ta ce, “Na zauna da Baba shekara ashirin a gidan nan, ni nake wanke masa goron da yake zubawa ciki. Ka taɓa jin ya ce battata?”

Na bi shekarun nan ɗaya bayan ɗaya ina neman ranar da ya faɗi haka, ban samu ba. Kullum cewa yake, a miƙo mini battarmu. Ni kuwa duk zatona mu ɗin nan mu ne, mutanen gida.

Ta ce, “Ka bar tsoho da ido a hanya shekara bakwai saboda ƙarfe. In ya mutu yana jira, wane gilashi za ka sa wannan a ciki?”

Ranar Asabar da hantsi na shiga motar Zurmi da battar a aljihun 'yar cikina, na cika ta da goro. Ko a lokacin ban gama tuba ba. Niyyata in kai masa ya gani, ya ci goro, ya zuba shayinsa, in dawo da abata a ranar. Har na tanadi maganganun da zan faɗa in ya nemi riƙewa.

Ƙarshen damina ne, dawa ta yi tsayi har ta rufe gefen hanya. Da can in ka ga haka sai ka ce alhamdu lillahi, bana an samu. A ranar kuwa kowa a motar kallon dawar yake kamar wani zai fito daga ciki. Direba ya kashe rediyo, babu mai magana, sai leɓuna ke motsi. Mun wuce garuruwan da na sani tun ina bin Baba, inda muke tsayawa shan fura, wasu babu kowa sai ɗakuna da rufinsu ya rufta da ciyawa har bakin masallaci. Wata tsohuwa kusa da ni tana ta kiran sunayen Allah ƙasa-ƙasa, ni ma na kama mata. Hannuna yana kan aljihu har muka shiga Dauran. Daga nan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni.

Na tarar da Baffa a gindin tsamiya a ƙofar gidansa, zaune kan buzu. Ya rame, ya ƙanƙance, idonsa ya yi hazo. Na yi sallama na durƙusa.

Ya karkato kunne ya ce, “Wa nika ji? Kamar muryar bayina.”

Na ce, “Ni ne, Baffa.”

Ya ce, “To, ɗan bawana ya tuna da ubangijinai. A kawo mai hura, Barebari ba su iya gaisuwa da yunwa.”

Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin tasu, ya tambayi gida da yara da ruwa da gajiya, ya sake komowa kan gida. Aka kawo fura da nono na sha. Muka yi azahar tare, shi a zaune. Duk wannan bai ce uffan a kan abin da ya kawo ni ba, kuma na san ko kwana zan yi ba zai ce ba. Sai na sa hannu a aljihu na fito da ita, na ajiye a kan buzun, kusa da gwiwarsa.

Bai taɓa ta nan da nan ba. Ya ci gaba da jan carbi har ya kai ƙarshe. Sannan ya miƙa hannu ya lalubo ta, ya ɗora a cinya, ya riƙa bin zanen murfin da babban yatsa, daidai inda ya fi gogewa. Ya daɗe a haka. Da ya buɗe sai ya kai ta hanci ya shaƙa, ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya zaro ɗan magogi daga aljihu, don haƙoran sun tafi, ya goga a tafin hannu ya zuba a baki.

Ya ce, “Wanga kam ba sankara. Ka hi ubanka tsoron Allah.”

Sai ya zura yatsa a siririn ɗakin. Tun a gida na cire tsohuwar takardarsa na ajiye, ban kuma sa komai ba. Ya laluba, ya sake lalubawa.

“Ba takarda?”

Na ce, “Ai ga ni na zo da kaina, Baffa.”

Ya ce, “Ubanka ko yana bisa hanyar zuwa sai ya rubuto zagi, don kar ya iso in ce ya ji tsoro.”

Na ga dama ta samu, sai na tambaye shi abin da ke cina. Na ce, “Baffa, wai asali battar nan ta wace ce, kai ko Baba?”

Ya yi dariya har kafaɗunsa suna rawa. Ya ce wata Alhamis ce a Shinkafi, tun suna da ƙarfinsu, wani mai tsofaffin ƙarafa ya baza kaya, suka hango ta tare, hannuwansu suka sauka a kanta lokaci guda. Baba ya ce shi ya riga, Baffa ya ce ƙarya ne. Suka ja har mutane suka taru. Mai kayan ya gaji ya ce su ɗauke ta su je can su ƙarata. Shi ne suka yanke ta riƙa kwana bakwai nan, bakwai can, har ranar da ɗaya zai amsa cewa ɗan'uwansa ya riga shi.

Ya ce, “Shekara arba'in da wani abu, ƙaton Babarbaren ga bai amsa ba. Ya tahi da gardamatai.”

Rana ta fara karkata, ɗan kabu-kabun da na ce ya jira ni ya fara tayar da mashin yana kashewa, don babu mai son la'asar ta same shi a wannan hanya. Na dubi battar a cinyarsa, ina jira ya sa a kawo shayi a zuba. Sai ya rufe murfin, ya ɗora tafin hannu a kai.

Ya ce, “Tashi ka tahi, hanya ba ta da kyau. Bar ta ta kwana.”

Duk maganganun da na tanada suka taso mini. Kafin in furta ko ɗaya, ya juya fuskarsa wajen gonaki, kamar da su yake magana, ya ce, “Ran da anka ce mini ubanka ya rasu, ban yi kuka ba. Na ce batta na can, ɗanai na can, za ta zo. Mako ya wuce, wata ya wuce. Sai da ta ƙi zuwa sannan na san ya mutu.”

Ban san lokacin da na sunkuyar da kai ba. Na ce, “Baffa, ka yafe mini.”

Ya ce, “Mi ka yi? Yaro ne kai, ka ga abu mai kyau ka ɓoye. Tahi.”

Ina da jikoki a lokacin, amma wallahi yaron na ji ni. Na hau mashin aljihuna babu nauyi, ban waiwaya ba don kar ya ji a muryata in na sake sallama.

Kwana tara ina zaune kamar a kan ƙaya. A na goma direba ya yi sallama. Ga ta, da nauyinta, ɗaki ɗaya cike da ganyen shayi mai ƙamshi, ga takarda da manyan baƙaƙe a karkace, don da ƙyar yake ganin abin da yake rubutawa: “Ɗan bawana, ga ta nan. Ni ba ɓarawo ba ne kamar wasu.”

Na zauna zan ba da amsa, alƙalami ya ƙi tafiya. Ta yaya zan zagi sa'an ubana? Sai na rubuta gaisuwa ta ladabi, na cika ta da addu'o'i, na aika. Amsa ta dawo: “Addu'a ina da liman. In ba ka iya zagi ba, ba matarka ta rubuto.” Mai ɗakina ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. A karo na gaba na yi ta maza, na yi bisimilla na rubuta: “Bafillace, wannan ba shayi ba ne, harawa ce. Ka ba shanunka, in sun ƙi ci ka sha da kanka.” Direba ya ce mini da aka karanta, tsohon ya sa an kira maƙwabta an sake karanta musu, yana cewa, “Kun ji ko? Jinin na nan.”

Haka muka yi shekara ɗaya da wata biyu. Wani lokaci hanya ta rufe, battar ta yi wata guda a wuri ɗaya, wani lokaci ta zo a kan kari. Duk ranar da na miƙa ta ga direba sai gabana ya faɗi, duk ranar da ta dawo kuma sai in ji kamar Baba ne ya yi gyaran murya a zaure. A cikin takardun nan na san mahaifina fiye da yadda na san shi yana raye, don Baffa ba ya zagina sai ya haɗa da labarin wata wautar da Baba ya yi a Shinkafi, ranar da jaki ya kayar da shi cikin rumfar masu daddawa, ko ranar da ya yi wa wani Buzu gwanintar yaren da bai iya ba.

Battar tana hannun Baffa aka tashi ƙauyensu. Ba zan tsawaita a nan ba, duk wanda yake yankin nan ya san yadda ake yi. Da safe aka shigo musu, kowa ya fita da abin da ke jikinsa. Su Baffa kuwa abin ya haɗe musu biyu, na daji ba su bar su ba, na gari kuma suna yi musu kallon Fulani. Aka ɗora shi a amalanke, suka tsallaka Nijar wajen dangin mahaifiyarsa. Na yi ta cigiya ban samu mai gaya mini inda suka sauka ba. Sai bayan wata huɗu ɗiyarsa ta zo Ƙaura, tun daga yadda ta yi sallama na san abin da ta zo da shi. Ya rasu can, cikin mutanen da suka riƙe shi da mutunci, aka yi masa sutura. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban tambaye ta batta ba, ita ta faɗa da kanta. Ta ce ana gobe za a tashe su ya cika ta da shayi. Ya zauna a rana ya daɗe yana rubutu, yana yi yana dariya shi kaɗai. Ta ce masa, “Baffa, mi kake rubuta ma Yaya haka?” Ya ce ba ruwanta, maganar maza ce, amma wannan karon sai ɗan Barebari ya yi mako bai samu amsa ba. Ya ninke ya sa, ya ajiye ta a alkukin bangon ɗakinsa tana jiran mota. Da ƙura ta lafa wasu suka koma dubawa, suka tarar rufin ya ƙone, kuma duk wani abu na ƙarfe an kwashe.

Na bi masu sayen tsofaffin ƙarafa a Zurmi da Shinkafi da nan Ƙaura, ina kwatanta musu ita, mai ɗaki uku, mai furanni a murfi. Kowa ya girgiza kai. Wataƙila an narkar da ita, wataƙila tana hannun wani yana zuba ƙusoshi. Abin da na ji tsoro tun farko shi ne ya faru, hanya ta cinye ta. Amma abin mamaki, ba tagullar nake kewa ba. Takardar nan nake kewa. Har yau wani lokaci ina cikin shan shayi sai in tsinci kaina ina ƙoƙarin cankar abin da tsohon nan ya rubuta da ya ba shi dariya haka, da kuma amsar da zan ba shi.

Ban taɓa nadamar barin ta a cinyarsa ba, ko sau ɗaya. Nadamata tana kan shekara bakwai ɗin da ta yi a bayan gilashi, babu ƙura, babu tsatsa, babu goro, tsoho yana can yana sake ƙullin shayi. A lokacin hanya tana da sauƙi, idonsa yana gani, labaran Baba suna nan cike da bakinsa. Ni na kulle su da ɗan makulli, ina ce wa kaina adanawa nake.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. Ba duk abin da ka tarar a hannun mahaifinka ne gado ba, wani aiki ne ya bar maka ka ci gaba da shi. Kuma mai kunya in ya tambaye ka abu sau ɗaya, ka ɗauka ya yi maka ihu. Wanda yake da tsoho da ke sauraren saƙonsa, ya aika yau, ko da goro ɗaya ne, ko da hanyar ba ta da tabbas. Allah ya jiƙan Baba da Baffa, ya haɗa su a inda babu rabuwa, su ƙarasa gardamarsu.